Asabar ɗin da Turancin Baba ya fara kakkaryewa

Satina na biyu ke nan da fara koyarwa a wata sakandare a Kiyawa, aka ce in koyar da harɗaɗɗun sunaye na Turanci. Ban iya su sosai ba, don haka ranar Asabar na shiga mota zuwa Dutse wurin Baba, wanda ya yi ritaya bayan ya daɗe yana koyar da Turanci.

Na same shi a zaure bayan la'asar. Ya karɓi littafina yana murmushi.

"Abu mai sauƙi," in ji shi. "Suna biyu ne ke haɗuwa su haifi suna ɗaya. Class da room, sai su zama classroom. Wani a manne ake rubuta shi, wani da karan ɗori a tsakani, wani a ware. Kawo biro."

Ya rubuta guda uku, rubutunsa tsaf kamar kullum. A na huɗu ya rubuta tooth, sai ya tsaya. Ya ɗaga hannu yana kwaikwayon goge haƙori, leɓɓansa na motsi, amma kalmar ta ƙi fita.

"Brush, Baba," na ce.

"Na sani mana."

Ya sake ɗora biron a takarda. Abin da ya fito ba harafi ba ne, wani layi ne da ya zarce har bakin shafi. Biron ya suɓuce ya faɗi kan tabarma. Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama, kamar na wani ne aka ba shi aro.

Inna ta aiko da kunu. Da ya kurɓa, na ga yana zuba ta gefen bakinsa zuwa gemu, shi kuwa bai ji ba.

"Baba, mu je asibiti."

"Gajiya ce. Kada ki faɗa wa uwarki, ki tayar mata da hankali a banza."

Can maganarsa ta warware, har ya rako ni bakin titi. Ban taɓa ƙetare maganarsa ba, don haka ban faɗa wa Inna ba.

Ranar Talata ina gaban allo wayata ta fara rawa a jaka. Ta katse, ta sake, har sau huɗu. Yayana ne. Ya ce Baba ya faɗi wajen alwalar azahar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke.

A asibiti likita ya tambaye mu ko an ga wata alama kafin ranar. Inna ta ce lafiyarsa ƙalau. Ni kuwa na faɗi abin da na gani. Inna ta juyo ta dube ni, kuma har yau ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Baba ya rayu. Hausarsa ta dawo sannu a hankali, yana jan ƙafa zuwa masallaci da sanda, amma Turancin bai dawo ba. Yayana ya kwashe littattafan Baba ya kai makarantar unguwa, Baba da kansa ya ce a kai.