Sandunan Furen Dakta

Ranar Talatar nan ba za ta fita raina ba. Sati uku ke nan, amma har yau in na ɗauki tsumma zan shiga ofishin Dakta sai na tuna ta.

Ina aikin shara da goge-goge a wani asibitin kuɗi a Jega. Ƙa'idar wurin, sabuwar ma'aikaciya wata uku take yi na gwaji, ƙarƙashin Inna Habsi, babbar mai shara. In ta yi laifi a cikinsu, sallama ce kawai. Ni saura min kwana tara.

A tagar Dakta akwai wata shuka mai hawa, ta nannaɗe waya har sama. Ganyenta kauri, sheƙi kamar an shafa kakin zuma. Daga Kalaba Dakta ta zo da ita. Ranar ina goge ganyen na ga wasu 'yan sanduna tsirara guda biyar, kawunansu duk ƙuraje. Ni 'yar Fagada ce, cikin albasa na tashi. A gonar Baba, in albasa ta fitar da sandar fure, karya ta ake yi don ƙarfin ya koma ƙasa. Na ce bari in kyauta. Na karya su duka.

Sai farin ruwa ya ɓulɓulo, irin na tumfafiya, yana ɗiga kan tebur. Inna Habsi ta leƙo.

"Ke ɗiyar nan, mi kinka yi? Wa ya aike ki?"

Dakta ta shigo, ta tsince sandunan daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ta jera a tafin hannunta. Ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi da ta yi ya fi min sauƙi. Ta ce irin shukar da yawa suke, ganyensu kusan ɗaya, sai da fure ake gane wace ce. Kuma a kan waɗannan sandunan take fure, shekara bayan shekara. Shekara huɗu tana jiran su.

"Wannan da wannan, sati biyu ya rage su buɗe," in ji ta.

Na durƙusa ina kuka, ina cewa a gona haka muke yi. Inna Habsi ta ce, "Dakta, a yi mata haƙuri. Ƙauyanci na, ba mugunta ba."

Dakta ta daɗe tana kallon taga. Sannan ta ce a ƙara min wata uku na gwaji.

Abin da na koya, ku sababbi ku riƙe: mai shara ƙura aka ɗauke ta ta cire, ba gyara ba. Duk abin da kika tarar a ofishin mutum, ko ya yi kama da busasshen tsinke, wani na jiran sa. Ni dai kullum da safe ina duba reshen nan. Har yau babu komai.