Mai Madubi a Kantin Kwari

Daga bakin shagonta, Hajiya Jawahir na kallon wata baƙuwa doguwa, farar riga bisa atamfa, alli har gefen hanci. A ranta tana cewa, malamar jami'a ce da zaman ɗakin gwaji ya ishe ta. Ga madubin ganin ƙwayoyin cuta ta girke kan benci, 'yan makaranta sun yanyame ta.

Wata yarinya na cewa kimiyya sai maza. Sai baƙuwar ta ɗiga ruwan randar da 'yan layin shagunan ke sha a gilashin madubin.

"Leƙa, ƙanwata."

"Wayyo, iyo suke! Yaya sunansu?"

Hajiya, da ke shirin kurɓar ruwan randar nan a moɗa, ta dire moɗar a hankali.

"Malama, ni ma in leƙa."