Mai Buga Jikin Mota da Sabon Fasali

Dattijon yana tsaye gaban shagon motoci, rigarsa a goge, hannuwansa duk sun yi kanta, irin na mai buga jikin mota. An sauya wa wata motar iyali da ke shagon fasali: fitilu sirara, ba dara-daran nan na da ba, ga wani layi mai kaifi daga gaba har baya. Yana bin layin da tafin hannu, idanu a rufe. Da alama abu ɗaya ke cinsa: in ta lotse, gudumarsa za ta sami aiki?

Ya ƙwanƙwasa bamba, ya ji roba. Ya ɓata rai.

"Baba, saye za a yi?" in ji mai shago.

Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ƙarfe ya amsa. Ya murmusa.

"A'a, ɗana. Wanda ya saya zai kawo mini ita."