Garmar Babana da Sandan Hamdo

Babana Darwish maƙeri ne a wani ƙauye gabas da Idlib. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, wuta ta cinye rabin girarsa ta hagu tun yana saurayi, kuma ba ya magana sai ta kama. Ni ce 'yarsa ta fari, Wasfiyya, ni na kwashe duk surutun da ya bari.

A shekarun da auduga ta yi daraja, kowa a ƙauyenmu ya rage alkama ya koma mata. Fartanya ta kasa cin gonakin, shanu kuma ga nawa ga tattake shuka, sai mutane suka koma ga doki ɗaya mai jan garma a tsakanin layi biyu. A nan Baba ya yi suna. Garmarsa baki uku gare ta, ɗaya a gaba, biyu a gefe kamar fukafukai, dukansu a kwance, suna yanke ciyawa daga ƙasa ba tare da sun birkice gona ta rasa laimarta ba. A goshinta akwai ƙarfe mai huda uku na ɗaura sarƙa, dogon doki hudarsa daban, gajere hudarsa daban, don kada bakin ya riƙa tashi sama ko ya nutse.

Ba ya ƙera wa mutum garma sai ya auna shi. A wurinmu tazarar layin auduga kamu biyu ne na hannun maigida. Kowane gida da sandansa na shuka, an yanke shi daidai hannun mai gidan, mata kuma da shi suke bi suna zuba iri. Ranar da maigida ya rasu, sai a ajiye sandansa a yanko sabo da hannun magajinsa. Don haka dogo layinsa da faɗi, gajere layinsa a tsuke. Baba yakan sa zare ya auna hannun mutum, ya auna ƙirjin dokinsa, ya ƙulla, ya rataye zaren a bangon maƙera. Sai ya rage yatsu huɗu ta dama, huɗu ta hagu, ya ƙera. Shekara da shekaru ba a taɓa kawo ƙarar garmarsa ta taɓa saiwar auduga ba. Ba shi da gona, ba shi da ɗa namiji, wannan sunan shi ne duk abin da ya tara.

Mijina Fayiz dogo ne, irin wanda sai ya sunkuya a ƙofar masallaci. Mahaifinsa Hamdo kuwa ko kafaɗarsa bai kai ba, kuma har ya koma ga Allah bai yarda doki ya taka masa gona ba. Da sanyin wata shekara Hamdo ya rasu. Fayiz ya zama maigida, ya sayi wata jar goɗiya, ya je Baba ya auna shi. Ya yanko sabon sanda ya miƙa wa mahaifiyarsa, Inna Badriyya. Ni lokacin shuka ina jego, ban leƙa gona ba, ita da ƙannenta mata suka yi aikin.

Da auduga ta yi ganye shida Fayiz ya shiga da sabuwar garma. Bai gama layi uku ba ya waiga, ya tarar da shuka kwance dama da hagu kamar an bi ta da lauje. Mijina mutumin kirki ne, amma in ransa ya ɓaci ba ya ganin gabansa. Ranar kasuwa ce kuma. Ya ɗora garmar a bayan goɗiya, ya ratsa tsakiyar jama'a, ya jefar da ita a ƙofar maƙera. Ina gidan iyayena, bayan maƙerar, ina shanya wa mahaifiyata ɓaure na ji ƙarar ƙarfe, na leƙo.

"Baba, ga abarka," in ji shi. "Garma na ce ka yi mini, ban ce wuƙar yanka ba."

Sarhan wanzami, wanda ba a gama magana a ƙauye sai ya sa baki, ya bar mutum da rabin aski ya taso.

"Af, Malam Darwish! Tsufa ne, ko surukin ne ba ka so ya yi arziki?"

Mutane suka kwashe da dariya. Wani ya ce ai ido in ya sha hayaƙi shekara talatin dole ya gaji. Baba ya ɗauko zaren Fayiz daga bango, ya ɗora a kan garmar, ya ga daidai take. Bai nuna wa kowa ba. Ya ce kawai, "Gobe zan je gonar."

Washegari da hantsi na bi shi, jaririyata a hannu, don na rantse sai na ga abin da ya jawo aka yi wa ubana dariya a kasuwa. Ya durƙusa a layin farko ya shimfiɗa zaren. Zaren ya zarce layin da kusan taƙi guda. Ya matsa gaba ya sake gwadawa, haka. Ya yi ta bi yana aunawa har tsakiyar gona, wajen wata tsohuwar bishiyar zaitun. Daga nan zuwa ƙarshe kuma layukan suka koma daidai da zaren, ko yatsa bai ragu ba.

Inna Badriyya tana zaune a gindin bishiyar, tana kallonmu tun shigowarmu. Baba ya gaishe ta ya zauna nesa kaɗan.

"Ummu Fayiz, da wane sanda aka yi shukar nan?"

Ta ja gyalenta ta rufe baki. Can ta ce, "Ka sani, me ya sa kake tambaya? Shekara arba'in da ɗaya da sandan Hamdo nake shuka, Malam Darwish. Na ɗauko na yaron, wallahi na ɗauko, hannuna ya ƙi. Na ce bari in yi layi ɗaya da na marigayi, don gonar ta san ba a manta shi ba. Ɗaya ya zama goma. Sai da muka iso bishiyar nan tsoro ya kama ni na canza." Ta fashe da kuka. "In Fayiz ya ji, zai ce uwarsa ba ta ɗauke shi maigida ba. In gari ya ji, sun samu abin yi masa gori har ya mutu."

Gaskiya ta faɗa. A wurinmu ba zagin da ya kai a ce wa mutum ana shuka masa da sandan mamaci.

Ni dai raina ya yi fari, na ce a zuciyata to ga gaskiya ta fito. Baba ya naɗe zarensa a yatsa, ya sa a aljihu.

"Share hawayenki," ya ce. "Ni ban auna komai ba yau."

A hanya na tare shi. "Baba, sunanka fa? Haka za ka bar Sarhan yana yawo da kai a baki?"

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Wasfiyya. Ki yi mini alkawari, muddin tsohuwar nan da ɗanta suna raye, bakinki ƙanin ƙafarki."

Na yi alkawarin ina huci. Da la'asar ya zauna a ƙofar maƙera, mutane suka taru jin sakamako, ya ce musu, "Laifin garma ne. Ta yi faɗi." Kalma shida ke nan, da su ya rushe abin da ya gina tun kafin a haife ni. Kafin mako ya zagayo mutum uku sun zo sun kwashe ƙarafan da suka kawo a ƙera musu, suka ce za su kai Idlib. Ɗayansu har zarensa ya cire daga bango ya tafi da shi. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. A gida ina zuba wa Fayiz dambun alkama ina jin kamar in kife masa kwanon a kai, shi kuma yana ta yi mini sannu-sannu wai kada in ji nauyin kuskuren mahaifina.

Ciyawa ba ta jiran kowa. Saura kwana goma auduga ta yi reshen da doki ba zai iya ratsawa ba. In Baba ya ƙera tsukakkiyar garma, rabin gonar kaɗai za ta yi wa, kuma duk mai ido zai gane kamun Hamdo ne. In ya bar mai faɗin, ɗaya rabin ya tafi. Kwana biyu bai hura wuta ba. Yana zaune a kan kututture da awartaki a hannu, yana buɗe shi yana rufewa, mahaifiyata har ta fara tunanin a kira mai addu'a.

A rana ta uku zugazugi ya fara numfashi tun da safe. Ya sare fukafukan nan biyu daga jikin garmar. Ya ƙera wa kowanne dogon hannu, ya haɗa kawunansu a gaba da ƙusa ɗaya mai kauri, yadda za su buɗe su rufe kamar awartakin. A baya ya sa faffaɗan ƙarafa biyu masu hawa kan juna, ya huda su jere, tsakanin huda da huda yatsu biyu. In ka zare ƙusar baya ka ware ko ka matse, ka mayar da ita a hudar da kake so, garma ta tsaya cak. Na farkon da ya yi ya karkace da aka gwada shi a fili, don fiffike ɗaya yana rigan ɗaya cin ƙasa. Ya mayar da shi wuta, ya ƙara wa hannayen kauri, ya ɗan lanƙwasa bakunan ciki yadda ko an buɗe ko an rufe gaba suke kallo. Ya ɗaure ƙusar da 'yar sarƙa, ya ce ya san halin manomi, in ba haka ba ranar farko za ta ɓace a gona.

Ranar da ya kai ta, rabin ƙauye ya biyo shi, Sarhan a gaba.

"Malam Darwish, wannan garma ce ko almakashin tela? In ta gama noma a ara mini in yi aski!"

Baba bai kula shi ba. Shi da kansa ya matse ta ya sa ƙusa, ya ce wa Fayiz, "Ja mu gani. In na ɗaga hannu ka tsaya."

Goɗiya ta sa ƙirji, sarƙa ta miƙe. Ciyawa ta riƙa zubewa a baya, auduga tana tsaye dama da hagu, ko ganye bai karye ba. Layi ɗaya, layi biyar, layi ashirin. Dariya ta ɗauke. Sarhan ya durƙusa yana tona gindin shuka da yatsa yana neman saiwar da aka yanka, bai samu ba. Ni kuwa ina bakin gona kaina ya yi girma, na ɗaga jaririyata sama na ce mata ta kalli aikin kakanta.

Da suka iso bishiyar zaitun Baba ya ɗaga hannu. Ya zare ƙusa, ya ware garmar huda huɗu, ya mayar. Ya ce wa jama'a, "Haka ake yi. Layi ya faɗa maka faɗinsa, ba kai za ka faɗa masa ba." Kowa hankalinsa na kan ƙusar, ana ta salati, ban da Fayiz. Ya ƙirga hudojin da ido. Ya kalli layin da ya baro, ya kalli na gabansa, ya kalli hannunsa. Sannan ya ɗaga kai ya hango mahaifiyarsa can bayan mata, ta sunkuyar da kai. Sai ya kaɗa linzami ya ci gaba, bai tsaya ba har ya gama gonar.

Washegari ya je maƙera, na bi shi. Ya kama hannun Baba ya sumbata ya ɗora a goshinsa.

"Baba, na ci mutuncinka a gaban mutane, a gabansu zan wanke ka. Ranar kasuwa zan tsaya in faɗa."

"Ka faɗa me? Cewa uwarka ta yi kewar mijinta?" Baba ya janye hannunsa ya ɗauki guduma. "Ni na ɗauki laifin nan, ka bar mini abina. Je ka shayar da goɗiyarka."

Mutum ukun nan duk sun dawo da ƙarafansu, har da mai zare. Cikin shekara biyu ana zuwa daga ƙauyukan Halab neman garmar Darwish, wasu maƙera suka kwaikwaya, bai hana kowa ba. Amma duk inda aka yabe ta sai an haɗa da cewa, "Ai kuskure ya yi wa surukinsa, kunya ta sa ya ƙirƙiro ta." A gabansa ake faɗa, ya gyaɗa kai ya ci gaba da dukan ƙarfe. Har ranar jana'izarsa na ji wani yana ba da labarin haka a bakin ƙofarmu, na ciji leɓe na shige ɗaki.

Inna Badriyya ta rasu da daɗewa. Fayiz ya bi ta bara da kaka, Allah ya jiƙansu duka. Alkawarina ya ƙare, shekara arba'in da shida ina riƙe da shi. Don haka duk wanda ya taɓa jin wancan labarin ya saurara da kyau: garmar farko daidai take, ko yatsa ɗaya Babana bai kuskure ba.