Tabon Girar Dogo

Iya mai guga ta haifi bakwai, ta binne shida tun ba su yi wayo ba. Wanda Allah ya bar mata, Dogo, shi ma bai daɗe ba. Gini ya rufto masa a wurin leburanci, matarsa na ɗauke da tsohon ciki. Hoto ɗaya da suke da shi, ambaliya ta tafi da shi tare da katifa.

Abin da ya rage na kamanninsa a duniya yana gidan tarihi na babban birni. Lokacin da ake ginin gidan, Dogo yana cikin masu dakon siminti. Wani mai sassaƙa ya gan shi, ya zaunar da shi, ya ɗauki siffar fuskarsa, ya yi mutum-mutumin wani leburan hanyar jirgin ƙasa da ita. Har tabon girarsa ta hagu, wanda ya samu da ya faɗo daga katanga yana yaro, sai da ya fito.

Duk sanda ta samu sarari sai Iya ta kashe garwashin dutsen guga ta hau mota. Maƙwabta, da yake baki ba ya gajiya, suna ce mata, "Za a je gai da gunki ke nan?" Ko kallo ba su ishe ta ba. Daga baya ƙafa ta ƙi, yanar ido ta rufe mata gani, tafiya ta gagara shekara da shekaru.

Sai ga jikanyarta, 'yar Dogo da ta tashi a dangin uwa, ta dawo wurinta budurwa, tana koyon ɗinki. Kullum tambayarta ɗaya: "Kaka, wai da wa nake kama?"

"Da ni mana, shi ya sa kika yi muni."

Amma abin yana cin tsohuwar a rai. Ta rantse ba za ta mutu ba sai yarinyar ta ga fuskar ubanta.

Ranar da suka je, gidan ya sauya. An sa tayil mai santsi, sanyin na'ura har cikin ƙashi, ko'ina warin sabon fenti. Suka wuce tukwane da takubba a cikin gilashi, jikanyar tana riƙe da hannunta, har ɗakin ƙarshe. Mutum-mutumin leburan suna nan a jere da digoginsu. Iya ba ta ganin komai sai inuwa, amma ta san wurinsa, na bakin taga.

Ta miƙa hannu ta kan igiyar da aka kange su da ita. Mai gadi ya ce, "Baba, ba a taɓawa."

"Ɗana ne."

Ya dube ta, ya dubi ƙofa, ya juya baya.

Yatsunta suka hau haɓa, suka bi kumatu. Kumatun sun cika, alhali Dogo bai taɓa ƙoshin da zai yi kumatu ba. Ta kai gira. Sumul. Ta koma ta dama ko ta rikice ne, nan ma sumul.

Mai gadi ya ce, bai juyo ba, "Ai yoyon rufi ya cinye fuskokin. Bara aka kawo masu gyara suka yi musu sababbi, duk iri ɗaya. Har sun fi na da kyau."

Jikanyar ba ta ji ba, ta ja da baya tana saita waya. Ta ce, "Kaka, ashe Babana mai fara'a ne. Dubi murmushinsa. Shi ne ko?"

Iya ta lalubi fuskar a zuciyarta don ta kwatanta mata ta gaskiyar, sai ta tarar nan ma ta dushe, tabon kaɗai take iya gani. Baƙin cikin da ta ji ya fi na ranar da aka kawo gawarsa a tabarma.

Ta sauke hannu, ta goge shi a gefen mayafi.

"Shi ne," in ji ta. "Ɗauki hotonki mu tafi, ƙafata na ciwo."