Ƙarfen Yatsan Dympna

A gidan su Tansey, can wajen garin Tubbercurry, ba a shiga watan Nuwamba sai an ci kolkanon, wato kirɓaɓɓen dankali da kabeji, kuma tun rasuwar uwarsu ba mai dafa shi sai 'yar gidan, Dympna. Takan dafa dankali da ɓawonsa har ya dare, ta tsiyaye ruwan, ta rufe tukunyar da tsumma don ya sha iska. Sannan ta tafasa lawashin albasa a madara, ta yanka ganyen kabejin da sanyi ya riga ya daka, ta kirɓa su wuri guda. Daga ƙarshe sai ta tura zobe da ɗan ƙarfen nan da maɗinka ke sa wa yatsa a cikin tukunya. Wanda ya tsinci zobe, aure ya kusa. Wadda ta tsinci ƙarfen yatsa kuwa, a gidan ubanta za ta tsufa.

Dympna tana budurwa ta tsinci ƙarfen. Aka yi ta shewa, saurayinta ma ya yi dariya har da hawaye, uwarsa kuwa ba ta yi ba. Kafin damina ta juyo ya auri wata. Dympna ta kama aikin girki a makarantar ƙauyen, ta ciyar da yara har suka kawo mata nasu yaran.

Tun daga nan, duk shekara ƙarfen a farantinta yake faɗawa. Ƙanenta Malachy yakan ce, "Yaya, wannan ƙarfe ya fi kowane namiji riƙon alkawari!" Ba wanda ya taɓa lura cewa takan dasa ɗan karan kabeji a daidai inda ta tura shi, ta ɗebi wurin da kanta.

Bana ta zame a ƙofar coci ta karya hannun dama. Malachy ya karɓi muciya.

"Kirɓawa aka ce, ba dambe ba," in ji ta.

"Zauna ki huta, tsohuwa. Na kayar da bijimi, dankali ne zai gagare ni?"

Ya jefa zobe da ƙarfe, ya juya tukunyar sama da ƙasa, ya rarraba. Dympna ta bi farantan da ido. Ga Gráinne, 'yar Malachy, a ƙarshen tebur, wadda saurayinta ya fasa aurenta ya tafi Ostireliya. Yau ne ta fara yarda ta zauna cikin mutane. In ƙarfen ya faɗa mata, Dympna ta san irin dariyar da za a yi, ta kuma san daɗewarta a kunne.

An haƙa rami a tsakiyar abincin kowane faranti, man shanu yana narkewa a ciki, cokula sun tashi.

"Kowa ya ajiye!" in ji Dympna. "Girkin Malachy ne. Ba zan bari a mutu a gabana ba, sai na ɗanɗana gishiri."

"Tukunya ɗaya ce fa, Yaya!"

"Hannunka ne ba ɗaya ba."

Ta bi teburin da cokali a hannun hagu, tana nutsa shi har gindin kowane faranti, tana taɓe baki. Wannan lami. Wancan da gudaji kamar tsakuwa. Yara suna ta ƙyalƙyala dariya, Malachy yana rantsuwa. A farantin Gráinne cokalin ya daki abu mai tauri, kuma ba faɗin zobe ba ne.

"Kai, Malachy, 'yar cikinka za ka yi wa rowar mai? Ungo nawa, 'yata."

Ta musanya, ta koma kujerarta. Loma biyu ta yi, ta zaro ƙarfen ta ɗaga sama. Ɗaki ya ɗauki ihu.

"Ko ni na dafa, sai ya nemo ki!" in ji Malachy, yana dukan tebur.

Gráinne kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dubi farantin da ke gabanta, wanda mansa bai fi na ɗazu ba, ta dubi gwaggonta.

"Gwaggo," ta ce a hankali, "duk shekara?"

Dympna ta goge ƙarfen da gefen rigarta, ta jefa a aljihu.

"Ci abincinki kafin man ya daskare," in ji ta. Yarinyar ta cinye tas, har ta miƙa faranti a ƙara mata.