Man Na'a-na'a a Bakin Ɗan Fari

Kakarmu Iya ba ta iya tatsuniyar ban dariya ba. A gidanmu na Ƙofar Na'isa, in an idar da isha'i, takan zauna gaban murhu tana dafa ganyen na'a-na'ar da ta shuka a gindin randa, mu jikoki mu kewaye ta. Mai ciwon ciki ya kurɓa, ya yi gyatsa, shi ke nan. Amma in ta ba ka labari, ko fitsari ya matse ka ba ka iya fita.

"Ga wata nan tafe gare ku," in ji ta. "Ke sarkin tsoro, sakar min zani, ba guduwa zan yi ba."

Wai wata mata ce kumburin ciki ya hana jaririnta sakat. Ta gaji da jiran ruwan ganye ya yi aiki, ta kai kuka wurin aljanar rijiya. Aljana ta ce ta kawo na'a-na'ar garin kaf. Matar ta bi lambu-lambu ta tsige, aljana ta yi ta matse ta har ta koma ɗigo ɗaya. Aka ɗiga wa yaro a baki, kuka ya ɗauke. Uwar ta goya shi, tana ta yi wa maƙwabta albishir ya samu barci. Sai da la'asar ta kwance goyon.

Nan Iya take yin shiru.

"Sai me, Iya?"

"Sai me kuwa? Lambun gari guda a cikin jinjiri? Tawa ta ƙare, ku tashi."

Na girma, na yi aure a Gwale, na haihu. Kowa ya san kunyar ɗan fari: ba kya kiran sunansa, ba kya nuna kin damu da shi a gaban manya. Wata rana yana ta tsala kuka, ɗaki cike da 'yan barka, surukata ta ɗauko 'yar kwalbar da aka kawo mata tsarabar Umara. Man na'a-na'a ne zalla, irin wanda ake ɗigawa a ruwan zafi a yi sirace. Ta kwantar da shi a cinya, ta matse masa kumatu.

"Ai na'a-na'a ce, abin da muke sha kullum," ta ce.

Tsoro ya kama ni. Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba.

"Hajiya, don girman Allah, kar a ba shi."

Wata gwaggo ta ce yau ta ga fitsarar 'yan zamani.

Da na kai shi awo, malamar asibiti ta ce man nan ko babba ba ya shan sa haka, ko a fata sai an sirka shi da wani mai. Jariri kuwa ko kusa da hancinsa ba a kaiwa, yana iya tsayar masa da numfashi.

Sai a lokacin na gane ba aljanu Iya take tsorata mu da su ba. Maganin da muka saba da shi ne, wanda ba mai tunanin zai cutar.

Har yau dangin mijina suna kirana marar kunya, kuma ban taɓa musa musu ba. Yaron yana sakandare yanzu. Amma duk sanda na tuna kwalbar nan ta riga ta karkata a saitin bakinsa, sai na nemi wuri na zauna.